Lawashi Mai Tabo

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Ana yaye ni yayar babana ta zo ta saɓa ni a kafaɗa ta tafi da ni Tudun Wada, can na girma ina kiranta Goggo. Mahaifiyata tana unguwar Gidan Dare, tafiyar da kabu-kabu ke yi kafin ka gama gyara zama, amma kunyar ɗan fari ta hana mu sanin juna. Ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son tsintsiya kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma waccan ta miƙo tsintsiya." Ni kuma in ajiye tsintsiyar kusa da ƙafarta in koma gefe. Ina kiranta Inna kamar yadda ƙannena suke yi, ita kuwa in magana ta matsa mata sai ta ce "ɗiyar Yaya", wato ta Goggo.

Sana'ar Inna gabu ce. Ƙanenta, Kawu, yana noman albasa a fadama bayan gari, in ya cire sai ya aiko mata da lawashi buhu-buhu. A tsince ganyen, a yayyanka, a kirɓa a turmi, a cuccura, a shanya har ya bushe ƙayau, masu miya su zo su saya. Lokacin gabu ko ɗankwalinka ka wanke sau uku sai an ji daga inda ka fito. In an yi hutu Goggo takan ba da ni aro in je tsinta, kuma takan faɗa da babbar murya cewa aro ne, kada wani ya manta.

A wajen tsintar nan na fara lura da tabon. Farin ɗigo ne tun farko, kamar an yarfa wa ganyen farar ƙasa, daga baya ya buɗe ya koma shunayya da zobe-zobe, kan ganyen ya bushe ya karye. Aikina shi ne in ware irin waɗannan in zuba wa akuya. Shekarar da nake aji biyar na sakandare abin ya yi muni. Rabin kowane buhu akuya ce ta ci, har ita ma ta fara kau da kai. Albasar da Kawu ya adana a rudu, wato ragar karan da ake jera ta a kai ta sha iska, ta riƙa ruɓewa daga wuya. Na ga Kawu zaune a zauren Baba an ajiye masa abinci ya kasa buɗewa. Ya sayi maganin feshi wajen mutum uku a Sabon Gari, kowa ya ba shi kwalba daban ya rantse tasa ce mai aiki. Da aka tambaye shi abin da ya faru sai ya ce, "Raɓa ta. Raɓa tac ci shi."

Ban yarda ba. Raɓa tana sauka a gonar kowa, me ya haɗa ta da Kawu? Dama tun ina ƙarama haka nake, Goggo takan ce ko ruwan randa aka ba ni sai na leƙa gindin moɗa. Na ƙunsa ganye biyu a bakin hijabina na kai wa malamarmu ta bayoloji. Ta kankare tabon da reza ta ɗora a gilashi ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta ce in duba. Wasu abubuwa na gani zube, kamar ƙananan taɓare masu gaɓa-gaɓa. Ta ce funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan kwantan tuwo, kuma akwai mutanen da karatunsu ke nan, cututtukan shuka. Daga ranar ban sake sha'awar zama komai ba.

Da lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya zo, ƙawayena suka zaɓi makarantu kamar masu zaɓen atamfa, wannan don sunanta, waccan don yayarta tana can. Ni na ɗauki abin kamar sayen akuya a kasuwar da ban san kowa ba. Nakan je shagon kwamfuta da ke bakin titinmu in zauna ina buɗe shafukan jami'o'i, kuma kowace ta ce ita ce kan gaba. A shafin wata na ga hoton mutum da farar riga yana murmushi yana riƙe da tumatir. Na buɗe shafin wata can wani gari, sai ga mutumin nan dai, da tumatirinsa. Na ce to, da walakin goro a miya. Mai shagon kuma ya dame ni da wata sabuwar makaranta ta kuɗi, kullum na shigo sai ya yabi gine-ginenta. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa, ya ce a'a. Na tambaye shi ko 'yarsa can za ta, ya ce in matsa akwai masu jiran kujera.

Malamarmu ce ta ce in daina tambayar makaranta, in tambayi ɗalibi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ba ni lambar wata tsohuwar ɗalibarta da ke karatu a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda a mota, inda cututtukan shuka ke da sashe nasu na kansu. Na kira yarinyar na yi ta yi mata tambayoyi kamar alƙali. Madubin nasu yana aiki ko ado ne? Ana zuwa gona ko a allo ake zana ganye? Ta yi dariya ta turo mini hoton wasu tumatir a tukwane, sun yi yaushi, an sa musu cuta da gangan don a ga yadda take tafiya, ta haɗa da hoton faratanta cike da ƙasa. Ita ma sai da na zarge ta, na ce ƙila hoton wata ne. Na sa ta sake ɗauka da cokali a hannu.

Na kuma bi 'yar maƙwabta na leƙa jami'ar nan gida. Wuri ne mai kyau, ga gonaki ga malamai, kuma da yamma kana gida. Amma a yadda na fahimta a lokacin, cututtukan suna zuwa ne a cikin karatun noma gaba ɗaya, ni kuwa su nake so tun daga safe har yamma. Zuciyata ta tsaya a kan ta nesa. Saura abu ɗaya, wanda ya fi jarrabawar wuya, wato Goggo.

Na same ta tana tsintar shinkafa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Likitan albasa za ki zama? To, ga makaranta nan bayan gari, ki zama likitan albasa ki dawo ki kwan gida."

Na fara bayanin sashe da madubi.

"Na gama magana. Ɗiyata ba ta kwana garin da ban san kowa ba. Wayyo gwiwata."

Ciwon gwiwar Goggo gaskiya ne, ba zan ɗauki alhakinta ba. Amma na lura tun daga ranar duk lokacin da na ambaci makarantar nesa sai ya tashi, kuma wata rana ta dama take riƙewa, wata rana ta hagu. In na yi shiru da maganar kuwa, sai in gan ta ta taka har gidan suna a bayan masallaci ta dawo ba ko sanda. 'Ya'yanta maza duk sun yi aure sun fita, ni ce mai ɗebo mata ruwan alwala, ni ce mai shafa mata man zafi. Na san tsoron zama ita kaɗai ne, kuma na ji tausayinta, amma tausayin bai hana ni jin haushi ba.

Na tafi wajen Baba. Malami ne, da safe yana ofis, da yamma yana zaure da ɗalibai da littattafai. Ya saurare ni har na gama, ya ma yi tambaya a kan funfunar, abin da ya sa na fara murna. Sannan ya rufe littafinsa.

"Ni na ba da ke tun ba ki san kanki ba. Abin da anka ba da ba a komawa ana leƙe nai. Abin da Yaya tac ce, shi na."

Ban ko yi tunanin zuwa wajen Inna ba. Uwa ba ta sa baki a maganar 'yar fari, in ta sa ma abin kunya ne, sai a yi ta yi da ita a gidajen biki. Don haka aka yi mini rajista da ta gida a zaɓi na farko, Goggo tana tsaye a kaina. Mai shagon ya ce akwai ɗan lokacin da ake bari a canza makaranta kafin a rufe. Na riƙe wannan maganar, ina kallon kwanaki suna wucewa ba abin da zan iya.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta fara wasu abubuwa da ban gane ba. Lawashi ya shigo, na je tsinta kamar kullum, ina zama ta janye kwandon daga gabana.

"A ce ma waccan ta bari. Ɓarna taka yi."

Shekara nawa ina wannan tsintar ba a taɓa cewa ina ɓarna ba. Na san ta sha ganina ina soke ganye mai tabo a hijabi, na ɗauka abin ne ya ishe ta. Ta koma tana tsintar da kanta, a ɗaki, ƙofa a saye. Akuya kuma ta daina samun rabonta, tana ta kuka a turke. In na shigo na tarar Inna suna magana da Kawu sai su yi tsit, Kawu ya hau tambayata lafiyar Goggo har sau biyu. Ruwa ba ya tsami banza, na faɗa a raina.

Sai ranar da Goggo ta aike ni Sabon Gari sayen zare. Ina tsaye bakin titi na hango mace ta sauko daga keke napep, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ko a cikin dubu na san tafiyar Inna. Matar da ba ta fita sai suna ko ta'aziyya, ga ta ita kaɗai tana shiga shagon wata mai sayar da robobi. Na laɓe bayan wata mota har ta fito ta tafi, sannan na shiga kamar mai taya bokiti. Matar mai surutu ce, ba sai da na wahala ba. Ta ce ai 'yarta a waccan jami'ar ta nesa ta gama, shi ne baiwar Allahn nan ta zo tana tambaya. Ɗakin kwanan mata yana da katanga? Ana kulle ƙofa? Akwai masallaci kusa? Hanyar tana da 'yan fashi? In yarinya ta yi zazzaɓi wa ke kai ta asibiti? Ta ce wannan ne zuwanta na biyu.

Na fito ba bokiti, na kusa mantawa da zaren. Biri ya yi kama da mutum. Katanga, kulle, 'yan fashi, zazzaɓi, duk abin da mai neman aibu zai tambaya ke nan. Na ce wato Inna tana tara duwatsun da za a jefe ni da su ne, ko da Goggo ta sassauta. Ƙila ma ita ce ta fara zuga Goggo. Na riƙa tuno duk shekarun da take magana da bango, na ce ashe ba kunya ba ce, ba ta dai damu ba ne. Wannan tunanin ya fi hana ni makarantar ciwo, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Ana saura kaɗan a rufe canjin makaranta, wata Juma'a bayan la'asar, Inna ta yi sallama gidan Goggo da kwanon gabu a hannu. Ba ta saba zuwa ba. Ta kuma zo daidai lokacin da maƙwabciyarmu take nan, matar da in ta ji magana da yamma kafin magariba ta kai bakin kasuwa. Goggo tana kan tabarma da mafici, ƙafa a miƙe. Har yau Amarya take kiran Inna, ko da yake amarcin ya girme ni. Aka gaisa, na kawo ruwa na koma bakin ƙofar ɗaki na zauna inda zan ji komai.

"Yaya, godiya niz zo yi," in ji Inna. "An ce kin hana ɗiyakki tahiya."

"Na hana."

"Madalla. Ai ni nic ce ma Malam a hwaɗa miki kar a bari. Na ji daɗi da kinka ji maganata."

Maficin Goggo ya tsaya. Maƙwabciya ta gyara zama. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, domin ga abin da nake zargi ya fito daga bakinta da kanta, a gaban mutane. Inna ba ta ko dubi inda nake ba, ta ci gaba a hankali tana gyara murfin kwano.

"Kuma gaskiya ɗai ta, waccan ba ta iya zama cikin mutane. In tat tahi, kunya za ta jawo muna. Ba laihinki ba na, Yaya, kin yi iya ƙoƙarinki. Tsuhwa ta, riƙon yaro sai da ƙarhi."

Goggo ta ajiye mafici.

"Amarya. Maganakki nij ji? Ni?"

"Ai ba komi, Yaya."

"Yaushe kinka hwara haihuwa da za ki hwaɗa man yadda nika yi da ɗiyata? Ɗiyad da nir rena da hannuna ita ta ba ta iya zama cikin mutane? Ko birnin Sin anka kai ta sai ta hi ɗiyan kowa!"

Ta miƙe tsaye. Ba ta dafa bango ba, ba ta ce wayyo ba, ba ta riƙe ta dama ko ta hagu ba.

"Ke, ɗauko man mayahi. Mu ga wa ad da ɗiya gidanga."

Haka muka bar Inna zaune da kwanon gabunta, Goggo tana gaba ina binta, maƙwabciya ta riga ta fice ta wata hanya da kayan labari. A shagon kwamfuta Goggo ta ture wani saurayi daga benci ta zauna, ta nuna mai shagon da yatsa ta ce ya cire ta gida ya sa ta nesa, wadda ta fi kowace nisa. Sai da na tsaya a kansa, don na ga yana shirin cika umarnin ya kai ni bakin teku, ko ya zura makarantar nan tasa ta kuɗi. Na karanta sunan da ya sa har sau uku kafin na bari ya tura.

Na samu abin da nake so, na koma gida na shiga bayi na yi kuka. Ba kukan murna ba ne. Uwar da ba ta taɓa faɗin sunana ba, ranar da ta fara magana a kaina a gaban mutane, abin da ta faɗa ke nan. Na yi ta juya kalmomin, ba ta iya zama cikin mutane, kunya za ta jawo muna. Na rantse a raina sai na ci jarrabawar ko don ita.

Na ci kuwa, aka ba ni gurbi. Goggo ta so ta janye, na ga alama, gwiwa ta dawo har biyu a lokaci guda. Amma magana ta riga ta zaga Tudun Wada cewa Goggo ta taka Amarya ta tura 'yarta jami'a mai nisa, mata suna zuwa yi mata jinjina, bakin alƙalami ya bushe. Babban ɗanta ya ce iyalinsa za su dawo gidan da zama. A watannin nan ban taka Gidan Dare ba sai gaisuwar da ta zama dole, in durƙusa in tashi. Ranar da na je sallama Inna tana daka. Baba ya yi mini addu'a mai tsawo, Kawu ya ce in na gano maganin raɓa kada in manta da shi. Inna ba ta tsayar da taɓarya ba. Ta dubi cikin turmi ta ce, "Allah shi tsare." Na ce amin ina kallon ƙasa, na fita ban waiwaya ba.

Cikin kayana akwai wani ƙullin buhu da Goggo ta cusa tana mita, wai Amarya ta aiko da gabu kamar an ce mata can ba su da miya. Na yi niyyar barin sa a tasha. Na kai makaranta na jefa shi ƙarƙashin gado, sai da 'yan ɗakinmu suka fara tambayar ko wani abu ya mutu sannan na jawo shi don in rabar. Na zazzage gabun a roba. A gindin buhun akwai wani abu shimfiɗe, kwali biyu an haɗa an ɗaure da tsohon ɗankwalin Inna, mai ruwan ganye, wanda take ɗaurawa in za ta yi daka.

Na kwance. Lawashi ne, an busar da shi a miƙe, ganye bisa ganye, an jera da kyau yadda ba wanda ya karye. Kowane ganye da tabo a jikinsa. Ga mai shunayya da zobe, ga mai farin ɗigo, ga mai rawaya. Na zauna a ƙasa ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kuma tun kafin in kai rabi na ga da yawa ba cuta ba ce. Wani rana ce ta ƙona shi, wani laka ce ta bushe a kansa, akwai ma wanda na tabbata haƙorin akuya ne. Ba ta san wanda nake nema ba, sai ta adana duk wanda ta ga ba daidai ba. Wannan ne abin da take yi a ɗaki ƙofa a saye, tun kafin kowa ya san zan tafi.

Zargina bai bar ni ba, sai dai ya juya. Na koma kan tambayoyin Sabon Gari, katanga da kulle da wanda ke kai yarinya asibiti, na ga ba sai mai neman aibu ne kaɗai ke yin su ba. Na tuna ranar Juma'ar, na tambayi kaina yadda aka yi matar da ba ta zuwa gidan Goggo ta zo daidai lokacin da mai yaɗa labari take zaune. Inna ta fi shekara ashirin tana zaune da dangin miji, ta san Goggo kamar yunwar cikinta. Da ta roƙa a bar ni in tafi, da an ce ba ta da kunya, kuma da Goggo ta ƙara kafewa. Hanya ɗaya ce ta rage mata, ta zage ni a gaban mutane, ta bar ni in tsane ta. Na kifa fuskata a ɗankwalin, warin albasa ya cika mini ido, 'yan ɗakinmu suka ɗauka shi ne ya sa ni hawaye.

Duk da haka ban yarda da kaina ba, na ce sai na gwada. Na kira Goggo a waya, bayan mun gama maganar gwiwa na ce, "Goggo, ba ki ganin Inna da gangan ta yi?"

"Sai yanzu kinka gane? Ni kwana ukku nig gane, ina kwance. Amarya ta ci ni da yaƙi." Ta ja tsaki. "Kar ki kuskura ki hwaɗa mata na sani."

Na kai ganyen ɗakin gwaji, wani malami ya bar ni na duba waɗanda suka cancanta. Taɓaren nan suna nan, sun sha tafiyar yini guda ba abin da ya same su. A wajensa na ji cewa funfunar tana kwana a busasshen ganyen da aka bari a gona ta jira shuka ta gaba, kuma sai ganye ya daɗe a jiƙe take samun shiga. Ashe Kawu bai yi ƙarya duka ba.

Hutun da na dawo ya faɗo lokacin gabu. Na kwana Tudun Wada, da safe na hau kabu-kabu zuwa Gidan Dare da ɗankwalin a ninke, na wanke na goge. Inna tana tsakar gida tana kirɓi, ba kowa sai ita da akuya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa turmi. Na ajiye ɗankwalin a kan kujera kusa da ita. Na shirya maganganu da yawa a mota, duk suka gudu.

"Inna, lawashin nan da na gani cikin buhu."

"Shara ta," ta faɗa wa bango. "An rasa inda za a zuba."

Ta ci gaba da daka. Na ce a raina to shi ke nan, iyakar abin da zan samu ke nan, kuma ya ishe ni. Na yunƙura zan tashi sai na ji ta yi gyaran murya, idonta yana kan bango.

"A tambayi waccan. Raɓa ta, ko mi?"

Na koma na zauna. Na dubi bangon nan da ya sha aike tsakaninmu tun ina yarinya, na ce masa a faɗa mata ba raɓa ce ɓarauniyar ba, ita dai ke buɗe ƙofa. Na ce a faɗa wa Kawu ya kwashe busasshen ganye daga gona ya ƙone, ya daina ban ruwa da yamma, ya hutar da wurin daga albasa na wani lokaci. Na yi bayanin funfuna, na yi na taɓare masu gaɓa-gaɓa, na wuce har kan tumatir na tukwane da katangar ɗakin kwananmu da ƙofar da ake kullewa, da ranar da na yi zazzaɓi 'yan ɗakinmu suka kai ni asibiti. Ban san na yi tsawo haka ba sai da na lura gidan ya yi tsit. Taɓarya tana tsaye cikin turmi, Inna ta riƙe ta da hannu biyu ta jingina goshinta a kai, kuma ba ta sake ɗaga ta ba har na gama.